Darasi: Benen Monadnock na Shikago, Inda Bulo Ya Miƙa wa Ƙarfe Ragama

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya faɗin dalilan da suka sa aka fara gina dogayen benayen ofisoshi a tsakiyar birane, ya bambance ginin da bango ke ɗauke da shi da ginin da ƙarfe ke ɗauke da shi, ya kuma bayyana yadda kuɗin fili da kuɗin haya suke tsara kamannin gini.

Birnin da wuta ta cinye

A daren Lahadi, 8 ga Oktoba, 1871, gobara ta tashi a birnin Shikago na ƙasar Amurka, ba ta mutu ba sai ranar Talata. Yawancin gidajen birnin na katako ne, an kuma daɗe ba a samu ruwan sama ba, ga iska mai ƙarfi tana kaɗawa. Wutar ta ci gine-gine sama da 17,000, ta hallaka mutane kimanin 300, ta bar wajen mutum 100,000 ba wurin kwana. Tsakiyar birnin, inda bankuna da kantuna da ofisoshi suke, ta ƙone ƙurmus.

Gobarar ba ta kashe kasuwa ba. Shikago mahaɗar layukan dogo ce, hatsi da katako da dabbobin yammacin Amurka ta nan suke bi kafin su isa gabas. Mutanen birnin, waɗanda ba su wuce 300,000 ba a 1870, sun haura rabin miliyan a 1880, suka zarce miliyan ɗaya a 1890. Kowane kamfanin inshora, kowane lauya, kowane dillalin hatsi yana neman ofis ruwa a jallo, kuma kowa a tsakiyar gari yake so, kusa da banki da kotu da abokan ciniki.

Ita kuwa tsakiyar garin a matse take. Tafkin Mishigan ya tare ta daga gabas, kogin Shikago ya kewaye ta ta arewa da yamma, tashoshin jirgin ƙasa suka toshe kudu. Fili ya yi tsada matuƙa. Wanda ya sayi fuloti a wannan farashi, ya ɗora masa bene mai hawa huɗu, ba zai fitar da uwar kuɗinsa daga haya ba. Hanya ɗaya ce ta rage masa, ya yi sama.

Abubuwan da suka sa hawa sama ya yiwu

Kafin wannan zamani, ɗakin da ke can ƙololuwar bene shi ne mafi arha, domin ba mai son ya riƙa taka matakala hawa shida yana haki. Lif ce ta juya lissafin. A 1854, a wani baje-koli a New York, Elisha Otis ya hau dandamalin lif ɗinsa, aka ɗaga shi sama a gaban jama'a, ya ba da umarni a datse igiyar. Dandamalin bai faɗo ba, wani makulli da ya ƙirƙira ya cafke shi nan take. A 1857 aka sa lif ta ɗaukar mutane ta farko a wani babban kanti a birnin. Daga nan ofisoshin sama suka fara daraja, saboda sun fi haske da iska, sun kuma yi nesa da ƙura da hayaniyar titi.

Wayar tarho, wadda ta fito a 1876, ta ba mai masana'anta damar zama a ofis a tsakiyar gari yana magana da ma'aikatarsa da ke bayan gari. Keken rubutu ya shiga ofisoshi a shekarun 1870, akawu da magatakarda suka yawaita. Ƙarfe kuma ya yi sauƙi, tun bayan da Henry Bessemer na Ingila ya fito da dabarar tace shi da yawa a lokaci guda a 1856.

A 1885 injiniya William Le Baron Jenney ya kammala benen kamfanin inshora na Home Insurance a Shikago, mai hawa 10, wanda ginshiƙan ƙarfe suka ɗauki yawancin nauyinsa. Masana da dama suna kiransa dogon bene na zamani na farko. An rushe shi a 1931. Wanda ya rage a tsaye, wanda kuma ya fi kowanne nuna yadda aka tsallaka daga tsohuwar hanya zuwa sabuwa, shi ne benen Monadnock, mai lamba 53 a titin Jackson ta yamma.

Masu kuɗi da masu zane

Masu ginin wa da ƙane ne, Peter Brooks da Shepherd Brooks, attajiran birnin Boston. Wakilinsu a Shikago wani lauya ne mai suna Owen Aldis, shi ke nemo fili, ya sa ido a kan aiki, ya karɓi haya. Filin da suka zaɓa yana gefen kudu na unguwar kasuwanci, inda a lokacin ƙananan gine-gine marasa daraja suka fi yawa, har mutane da yawa suna ganin an yi nisa da kasuwa.

Zanen ya faɗa hannun Daniel Burnham da John Wellborn Root, waɗanda suka haɗa kamfani tun 1873. Burnham ya iya mu'amala da masu kuɗi da tafiyar da aiki, Root kuwa shi ne gwanin alƙalami da lissafi. Sun riga sun yi wa iyalan Brooks benen Montauk mai hawa 10 a 1882, saboda haka sun san halin mai gidan.

Peter Brooks mutum ne mai tsantseni da kuɗi. A kan maganar ado ya yi tsayuwar gwamen jaki: ba ya son sassaƙa, ba ya son wani abu da zai turo daga jikin bango, domin a ganinsa irin waɗannan wurare ƙura ce ke taruwa a kansu, tantabaru kuma su mai da su sheƙa. Kwalliyar da ba za ta biya kuɗin sabulu ba, bai ga dalilin yin ta ba. Haka kuma bai gama amincewa da sabuwar hanyar ƙarfe ba, ya fi natsuwa da bulo, wanda aka daɗe da sanin ƙarfinsa da juriyarsa ga wuta. Root ya fara zane tun tsakiyar shekarun 1880, da 'yan ƙawace-ƙawace irin na tsohuwar Masar. A hankali aka yi ta zare su, tsawon ginin kuma yana ƙaruwa, har aka tsaya a kan hawa 16. An fara aiki a 1889, aka gama a 1891.

Bango mai kaurin ƙafa shida

A tsohuwar hanyar gini, bango shi ne jakin gida. Rufi yana kan bango, bene yana kan bango, bangon sama yana kan na ƙasa. Duk hawan da aka ƙara, sai an ƙara wa bangon ƙasa kauri, in ba haka ba nauyi ya murƙushe shi. Maginan ƙasar Hausa sun san wannan ƙa'ida tun fil azal. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, gindinta faffaɗa, tana tsukewa tana yin sama. A kan wannan ƙa'ida Root ya ɗora Monadnock, sai dai ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba a ginin ofisoshi.

Tsawon benen ƙafa 215 ne, wato kimanin mita 66. Kaurin bangonsa a ƙasa ƙafa 6, wato mita 1.8, a can sama kuma inci 18, wato santimita 46. Wanda ya tsaya a bakin tagar ɗaya daga cikin shagunan hawan ƙasa zai ga gilashin ya shige can ciki, kuma kaurin bangon da ke kewaye da tagar ya kai tsawon ƙaton namiji a kwance. Har yau ana lissafa shi a matsayin ginin ofisoshi mafi tsawo da bangon bulo ke ɗauke da shi.

Wannan kauri yana da farashi. Faɗin filin kimanin mita 20 ne. Idan aka cire mita 1.8 ta gabas, aka cire mita 1.8 ta yamma, an rasa mita 3.6, fiye da kashi ɗaya cikin shida na faɗin, kuma a hawan ƙasa, inda shaguna suke, inda haya ta fi tsada. Da an ƙara hawa goma a kai, da bangon ya cinye shagunan. A nan iyakar bulo ta bayyana ƙarara.

A cikin ginin akwai ginshiƙai da gungumen ƙarfe masu ɗauke da daɓen kowane hawa. Saboda benen siriri ne, dogo, ga iskar tafki mai ƙarfi, an ɗaure mahaɗar ginshiƙan da tokare-tokaren ƙarfe don kada iska ta girgiza shi. Yana cikin gine-ginen farko a Amurka da aka yi wa irin wannan tanadi.

Gini a kan taɓo

Matsala ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Shikago a kan yumɓu mai laushi take zaune, dutsen da za a iya dogara da shi yana can ƙasa, wajen mita 30. Root ya ƙi bin dutse. Ya sa aka jera ƙarafan layin dogo, sahu a kan sahu, wani a miƙe wani a gicciye, aka zuba musu kankare, suka zama faffaɗan dandamali wanda ya baza nauyin ginin a kan ƙasa mai faɗi. Dandamalin ya zarce jikin bangon da ƙafa 11, ya shige ƙarƙashin titunan da ke kewaye.

Masu aikin sun san ginin zai nutsa, saboda haka suka ɗaga shi da inci 8 sama da titi, da niyyar idan ya gama zama ya yi daidai. Yumɓun ya ba da kai fiye da yadda aka zata. Kafin 1905 ya cinye inci takwas ɗin har da ƙari, zuwa 1948 kuwa ya nutse da inci 20, rabin mita ke nan. Abin da ya cece shi shi ne a hankali ya yi ta sauka. Wajen 1940, da aka zo haƙa ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a titin Dearborn, sai da aka tokare bangon gabas da ginshiƙan kankare masu zurfi.

Kyau ba tare da ado ba

Da aka hana Root sassaƙa, sai ya mai da bulon kansa abin kallo. Bulon launin ƙasa-ƙasa ne mai duhu, mai sirkin shuni. Daga saman hawan ƙasa bangon yana lanƙwasawa ciki a hankali, ya miƙe sak har hawa goma sha wani abu, a ƙarshe ya buɗe waje kaɗan a bakin rufi. Kusurwoyin ginin suna da kaifi a ƙasa, amma suna daɗa dakushewa yayin da ake hawa, har su zama kewayayyu a sama. Babu wata sassaƙa ko ɗaya, duk da jeren bulo birkiloli suka fitar da wannan siffa. Masana suna kwatanta ta da ƙofofin gidajen bauta na tsohuwar Masar, waɗanda Root ya fara zanensa yana tunaninsu.

Abu ɗaya ne ya turo daga jikin bangon, wato jerin tagogi masu ciki, waɗanda suka taso daga hawa na uku suka yi sama a layi-layi. Aldis ne ya shawo kan Brooks a kansu, da hujjar da ya san za ta shige shi: kowace taga mai ciki ƙarin fili ce a ofis, ƙarin fili kuma ƙarin haya ne. Su ne suka raba faɗin bangon gida-gida, suka hana shi zama dunƙulallen dutse mai gajiyar da ido.

Haske shi ne babban abin da ɗan haya ke saye a wancan zamani, domin ƙwan lantarki na lokacin ba shi da ƙarfi. Sirantar filin ta zama alheri a nan. Doguwar farfajiya ɗaya ce ta ratsa tsakiyar kowane hawa, ofisoshi a dama da hagu, kowanne da tagarsa mai kallon titi. Bangon da ya raba ofis da farfajiya kuwa rabinsa gilashi ne mai dishi-dishi a cikin firam na katako, yana barin hasken rana ya wuce, amma mai wucewa ba ya ganin abin da ake yi a ciki. A matakalar hawan ƙasa an yi amfani da alminiyam, ƙarfen da a lokacin sabo ne kuma mai tsada, abin da ya sa ake ambaton Monadnock cikin gine-ginen farko da suka yi aiki da shi.

Root bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ciwon huhu ya kama shi, rai ya yi halinsa a ranar 15 ga Janairu, 1891, yana da shekara 41.

Rabin kudu

Ofisoshin sun samu 'yan haya da wuri, har Shepherd Brooks ya ga ya dace a ci gaba da ginin zuwa kudu, ya kai titin Van Buren. Root ya mutu, Burnham kuma ya duƙufa a kan shirya babban baje-kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893. Sai aka ba William Holabird da Martin Roche, waɗanda dukansu a ofishin Jenney suka koyi aiki, sun kuma riga sun gwada hannunsu a ginin ƙarfe da benen Tacoma a 1889.

Sun bi launi da tsarin tagogin rabin arewa, amma a ɓangaren ƙarshe na kudu sun sauya hanyar gini ɗungurungum. Aka kafa ƙwarangwal na tataccen ƙarfe, ginshiƙai a tsaye, gungume a kwance, aka ɗaure su da ƙusoshi. Kowane hawa yana miƙa nauyinsa ga ginshiƙai, su kuma su kai shi ƙasa. Bango ya huta da dako, aikinsa ya koma kare ruwa da sanyi da wuta. Saboda haka bangon hawan ƙasa bai buƙaci ya fi na sama kauri sosai ba, tagogi suka ƙara faɗi, shaguna suka samu sarari. An kuma dawo da ɗan ado, da wani ƙawataccen baki na tagulla a gefen rufi.

An gama rabin kudu a 1893. Ya fi rabin arewa arha, ya fi shi rashin nauyi, ya kuma fi shi yawan filin haya. Wannan lissafi ya ishi duk wani mai kuɗi hujja, kuma daga wannan lokaci dogayen benayen ofisoshi suka koma hannun ƙarfe.

Ginin gaba ɗaya ya kai tsawon fiye da mita 120 daga titi zuwa titi. An tsara shi a matsayin gidaje huɗu masu haɗe da juna, kowanne da ƙofarsa da lif ɗinsa, an raɗa musu sunayen duwatsun yankin da iyalan Brooks suka fito: Monadnock, Kearsarge, Katahdin da Wachusett. Sunan na farko ne ya bi ginin duka. Yana da ɗakuna kimanin 1,200, mutane wajen 6,000 suna aiki a cikinsa, kuma a lokacin da aka gama shi ana lissafa shi ginin ofisoshi mafi girma a duniya.

Yadda ya tsira

Sa'o'insa da yawa ba su kai labari ba. An rushe Montauk a 1902, shekara 20 kacal bayan gina shi, Tacoma kuma ya bi shi a 1929. Monadnock ya sha da ƙyar ne saboda masu shi sun zaɓi gyara a kan rushewa. A 1938 kamfanin Skidmore da Owings ya yi masa kwaskwarima irin ta zamanin, aka rufe wasu tsofaffin kayansa, aka cire wasu. Wannan kamfani ne daga baya ya zana benen Sears na Shikago mai mita 442, da Burj Khalifa na Dubai mai mita 828.

A 1970 aka shigar da Monadnock cikin kundin wuraren tarihi na Amurka, a 1973 kuma hukumar birnin Shikago ta ba shi kariya. A 1979 wani ɗan kasuwa, William Donnell, ya saye shi yana cikin halin lalacewa. Ya nemo tsofaffin zane-zane da hotuna, ya yi ta maido da ƙofofin katako da gilasai da fitilu yadda suke a farko, hawa bayan hawa, 'yan haya suna ciki, har tsawon shekara 13. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin ya nuna cewa tsohon gini da aka kula da shi yana iya ciyar da kansa.

A yau ƙananan ofisoshi ne suka cika shi, da yawansu na lauyoyi, saboda kotunan tarayya suna kusa. Hawan ƙasa kuwa shaguna ne da wuraren cin abinci, kamar yadda aka tsara tun farko. Ɗaliban zanen gini daga ƙasashe daban-daban suna zuwa titin Dearborn su tsaya daidai inda rabin arewa ya haɗu da rabin kudu, su auna kaurin bangon biyu da idonsu. Tsakanin kammala na farko da na biyu shekara biyu ce kawai.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suka hana tsakiyar Shikago faɗaɗa, kuma yaya hakan ya shafi kuɗin fili?
2. Me ya sa ofisoshin sama suka yi daraja bayan zuwan lif?
3. Bayyana dalilin da ya sa bangon rabin arewa ya kai mita 1.8 a ƙasa, da asarar da wannan kauri ya jawo wa masu ginin.
4. Yaya Root ya shawo kan matsalar ƙasa mai laushi?
5. Kawo bambanci biyu tsakanin rabin arewa da rabin kudu.

Aikin gida

Ɗalibi ya nemi wani bene da ake ginawa a unguwarsu, ya nemi izinin mai kula da aikin, ya duba ko bango ne ke ɗauke da shi ko ginshiƙan rodi da kankare. Ya tambayi birkila ko injiniya zurfin harsashin da irin ƙasar wurin, ya rubuta abin da ya gano a shafi ɗaya, ya kawo aji a zama na gaba.